Sakan Talatin a Bakin Ramin Dutse

Da yamma liƙis mai hoto ya ja ƙofar shagonsa ya datse kwaɗo, ya rataya jakar kyamara, ya saɓa ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora ta a kai, ya nufi gidan ƙanensa. Shekara ashirin yana ɗaukar fuskokin mutane don fasfo da katin makaranta, har ta kai in ya rufe ido ba abin da yake gani sai kunnuwa da haɓa. Abu ɗaya ya rage masa a rai kafin ido ya fara gajiya, hoton sama cike da taurari wanda shi ya ɗauka da hannunsa, ya wanke shi babba ya rataye a bangon shago. Sau biyu yana gwadawa. Na farko hadari ya taso, na biyu batir ya mutu. Yau wata ya ɓuya, sama fes, sai dai shi ba shi da mota, Auta ke da ita.

Auta shi ne ƙaraminsu, direban tasi, mutumin da ko a zaman makoki sai ya sa wani ya danne dariya. Yayan kuwa Allah bai ba shi wannan ba, kullum cikin tsare gida yake. Auta ya taɓa kiran shagon da muryar tsohuwa, ya ce a zo a yi wa akuyarta hoton fasfo za ta yi tafiya, mai hoto har ya fara tambayar kwatancen gida. Shekara huɗu ke nan, kuma bai manta ba. Ba ya mantuwa da irin wannan.

Matar Auta ta rako su bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa. "Yaya, don Allah kar ku yi dare sosai."

"Ki gaya wa taurarin," in ji Auta yana tayar da mota. "Su ne ba sa fitowa sai sun gama kwalliya."

Mai hoto bai yi dariya ba. Ya rungume jakarsa a cinya ya ce a tafi.

Sun yi kusan awa suna tafiya. Fitilun titi suka ƙare, gidaje suka ƙare, kwalta ma ta ƙare, suka bi wata hanyar tsakuwa zuwa tsohon wurin fasa dutse da aka daina aiki a cikinsa tun da daɗewa. Fili ne shimfiɗaɗɗe, babu bishiya ko ɗaya. Daga can gefe akwai ramin da aka haƙe dutsen, mai zurfin gaske, ruwa ya kwanta a ƙasansa baƙi ƙirin. Mai hoto ya leƙa wurin da rana makon da ya wuce, ya ga ko'ina ka juya ba gida ko ɗaya, balle hasken gari. Suka yi salla a kan tsakuwa, suka zauna jiran duhu ya gama sauka. Injin mota yana ɗan ƙas-ƙas yana hucewa, gyare suna ta kuka.

"Ba ni wayarka," in ji mai hoto.

"Waya kuma? Ita ma hoton za ta shiga?"

"Ido sai ya yi minti ashirin kafin ya saba da duhu. Ka kunna wannan abin sau ɗaya, mun koma farko. Kyamarar ma haka. Idonta a buɗe zan bar shi sakan talatin yana shan hasken taurari, ko ƙyastu ɗaya na ashana ya isa ya lalata komai."

Ya haɗa wayoyin biyu ya jefa a aljihun mota, ya kulle ƙofofin don kada wani ya buɗe fitilar ciki ta kama, ya sa makulli a aljihunsa. Abin da ya bari a hannu kawai wata ƙaramar tocila ce da ya ɗaure wa baki da jar leda, haskenta bai wuce tafin ƙafa ba. Suka yi nisa da motar sosai kafin ya kafa ƙarfen, ya ɗora kyamara, ya ɗaga bakinta sama.

Sama kuwa ta cika maƙil da taurari. Wani farin zane kamar hayaƙi ya ratsa ta daga wannan gefe zuwa wancan. Ko Auta sai da ya sassauta murya ya ce, "Kai, Yaya. Ashe duk wannan yana nan muna ƙasa muna faɗa da fasinja."

Mai hoto ya danna maɓalli. Ƙyat. Suka tsaya ba motsi, yana ƙirgawa a zuci. Ƙyat. Ɗan allon bayan kyamara ya kawo haske, ya duba, sai da zuciyarsa ta yi tsalle don murna. Ga su nan rututu, har waɗanda ido bai gani ba.

Ya sake ɗauka. Wannan karon a ƙasan hoton, daga hagu, akwai wani wuri da babu tauraro ko ɗaya. Baƙi ne zagayayye, da abin da ya yi kama da kafaɗa a ƙarƙashinsa, irin yadda kan mutum ke fitowa in ya leƙo gaban kyamara.

"Auta."

"Na'am."

"Kai ka leƙa gabanta."

"Ni? Ina bayanka fa. Ga ni nan."

Muryar daga baya ta fito, gaskiya ne. Amma sakan talatin ya ishi mai ƙafar kyanwa irin Auta ya zagaya ya dawo. Mai hoto ya yi tsaki ya goge hoton. Ya sake dannawa, ya kasa kunne yana jiran ƙarar tsakuwa. Bai ji komai ba. Da hoton ya fito, taurarin duk sun ja jela, alamar an taɓa ƙafar ƙarfen ana tsakiyar ɗauka.

"Ba ka da hankali ne?"

"Wallahi, Yaya, hannuna na cikin aljihu."

Akwai ɗan rawa a muryar, mai hoto ya ɗauke ta dariya ce ake dannewa. Ya san wannan rawar, tun suna yara ya san ta. Ya gyara ƙarfen, ya danna ƙafafun cikin tsakuwa, ya sake ɗauka. Hoton ya fito dishi-dishi kamar an duba ta gilashin banɗaki. Ya haska idon kyamarar da jar tocila, ya ga danshi a kansa, irin na wanda ya kai baki kusa ya huro numfashi. Ya kai hankici zai goge, wani wari ya bugi hancinsa, na jiƙaƙƙen dutse da tsohon ƙarfe. Gilashin da sanyi kamar an ciro shi daga firji.

Da mutum ne mai tsayawa ya yi tunani, da ya tambayi kansa yadda numfashin ɗan Adam zai bar gilashi da sanyi haka. Amma ransa ya riga ya ɓaci, kuma ya riga ya sami mai laifi.

"Kai tun da aka haife ka ba ka taɓa barin abin kirki ya tabbata ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ka girma, ka aje iyali, har yanzu wawa. Abu ɗaya na roƙe ka a rayuwata. Ɗaya tak."

Wannan ne karo na farko da yayan ya jefa wa Auta magana ba ta dawo da barkwanci a bayanta ba. Can ya ce, "Yaya, mu tafi gida. Wurin nan bai kwanta min ba."

"Ashe abin da kake so ke nan tun ɗazu."

Ya figi hannun rigarsa, ya ja shi yana ƙirga taku, har hamsin, zuwa wani faffaɗan dutse da ya gani da rana. Ya zaunar da shi a kai.

"Rantse. Ba za ka tashi ba, ba za ka yi magana ba, sai na zo da kaina."

"Har sai na rantse?"

"Rantse."

"Na rantse da Allah," in ji Auta. Farar rigarsa kaɗai ake iya gani, ita ma da ƙyar.

Mai hoto ya koma wajen kyamara yana huci. Ya goge gilashi, ya daidaita, ya danna. Yana cikin ƙirga ya lura gyare sun yi shiru. Bai san lokacin da suka daina ba. Ba iska, ba kukan tsuntsu, sai bugun jininsa a kunne.

Ƙyat.

Baƙin ya dawo. Yanzu ya cinye kusan rabin hoton, kai da wuya dogo, a karkace, kamar mai son ganin abin da ke cikin kyamarar.

Har a nan bai saki zarginsa ba. Ya ce a ransa, ya cire takalmi ya lallaɓo, har rantsuwa ya karya don ya ga na haukace. To, yau zai kama shi dumu-dumu. Ya sassauta kan ƙarfen, ya sauko da bakin kyamara, ya juya shi wajen dutsen da ya bar Auta. Hoton dutse ba kowa a kai, shi zai kai gida ya nuna wa matarsa, ta ga irin mijin da take aure.

Ya danna. Ya ƙirga talatin yana cije leɓe.

Auta yana nan zaune a kan dutsen. Hoton ya fito da shi tsaf, har ninkin rigarsa, alamar ko gezau bai yi ba tsawon ɗaukar. A gefensa na hagu taurarin da ke bakin sama sun ɓace daga ƙasa har zuwa inda tsayin mutum biyu zai kai. Baƙin ya rankwafo a kansa. Hannun Auta na hagu a ɗage yake kaɗan, yatsu a lanƙwashe, yadda mutum ke yi in an riƙe masa hannu.

Mai hoto ya matso da fuskar. Auta murmushi yake yi.

In Auta yana can, wane ne ke nan gaban kyamara tun ɗazu?

"Auta!"

Muryarsa ta tafi ba ta dawo ba.

"Auta, na janye rantsuwar! Yi magana!"

Shiru. Ya tuna shi ya sa shi rantsuwa, shi ya kulle wayoyi, shi ya kulle mota. Ya ruga da jar tocila yana ƙirgawa. Talatin. Arba'in. Hamsin. Babu dutse. Sittin. Tsakuwa kawai, da warin nan na jiƙaƙƙen ƙarfe yana ƙaruwa. Ya juya, ya sake juyawa, bai ma san ta ina ya fito ba. Allah ya taimake shi ɗan allon kyamara bai mutu ba tukuna, ya hango shi can kamar ƙwayar wuta, ya koma da gudu yana tuntuɓe.

Idonsa ba zai nuna masa komai ba. Kyamarar ce kaɗai ke gani a wannan duhu, ita kuma sai an ba ta sakan talatin.

Ya danna. Ya janye hannunsa don kada ya girgiza ta.

Ɗaya. Biyu. Uku.

Yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, tana cakuɗewa da ƙirga.

Goma sha biyar.

Wani abu ya numfasa a bayan wuyansa, a hankali, mai sanyi. Bai waiwaya ba.

Ashirin da takwas.

Ƙyat.

Dutsen ba kowa. Wani farin zane ya taso daga kansa ya miƙe zuwa dama, sawun farar riga mai tafiya. Ya bi zanen da ido har inda ya tsaya. Hannun dama kuwa nan ne wajen ramin.

Ya durƙusa ya zazzage jakar. Babbar filasha, fitilar nan mai walƙiya da yake zuwa da ita wajen taro, ta faɗo hannunsa. Ya kunna ta. Ta fara kukanta siriri, wiii, tana tara wuta, shi kuma ya riga ya fara gudu.

Ya danna.

Fari ya tsaga duhu, filin duk ya bayyana na ƙiftawar ido. Ga Auta can, bayansa kawai, yana tafiya a natse, hannun hagu a miƙe gefe. Abin da ke riƙe da shi haske bai sauka a kansa ba. Ya haska tsakuwa, ya haska riga, wurin nan kuwa ya zauna baƙi yadda yake.

Duhu ya dawo, ya fi na da. Wiii.

"Auta! Tsaya!"

Ya faɗi, gwiwa ta fashe, ya tashi. Ya danna.

Taku uku ya rage tsakanin Auta da bakin ramin. A cikin ramin kuma, a kan ruwan, akwai wasu. Da yawa. Dogaye, a tsaye, kawunansu duk a ɗage sama.

Da hasken ya ɗauke, ya ji lokacin da suka juyo.

Ya yi tsalle cikin duhu, hannunsa ya sami riga, ya sami damtse, ya ƙanƙame. Ya ja. Aka ja daga can. Ba fizga ba ce, ja ne mai haƙuri, irin na wanda ya san zai samu. Tsakuwa ta fara zamewa a ƙarƙashin ƙafafunsu, yana jin tana faɗawa ƙasa, sai an jima ta taɓa ruwa.

Wiii.

Ya ɗaga filashar da ɗaya hannun, ya kai ta daidai inda hannun Auta ya ƙare, ya ambaci sunan Allah da iyakar muryarsa, ya danna.

Aka saki.

Suka zube baya tare. Auta ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. "Yaya? Ya aka yi ka dawo ta nan ɓangaren?"

"Tashi! Gudu!"

Ya ja shi suna gudu, yana danna filasha duk lokacin da ta cika, har gilashin mota ya ƙyalla musu daga nesa. A bayansu tsakuwa tana ƙara, ba sauri, taku mai faɗi. Makulli ya ƙi shiga, ya faɗi, ya lalubo shi. Ya tura Auta ciki. Auta ya kai hannu sitiyari, na hagun ya zame ya faɗi a cinyarsa kamar tsumma.

"Ba na jin sa, Yaya."

Mai hoto, wanda rabonsa da tuƙi ya fi shekara goma, ya ture shi gefe ya zauna. Mota ta tashi a karo na biyu. Ya kunna duk fitilar da ke jikinta. Da suka hau hanya ya saci kallon madubi, ya ga gilashin baya ya yi danshi daga waje, wuri guda, zagayayye. Bai sake dubawa ba sai da suka ga fitilar titi ta farko.

Kyamarar tana can har yau, in ba wani ya tsince ta ba. Bai koma ba, bai kuma aiki kowa ba. Bangon shagon yana nan ba komai a kai.

Hannun Auta bai dawo ba. An je asibiti, an ɗauki hoton ƙashi, an gwada jijiya, likita ya ce bai ga komai ba. Hannun dai yana nan da sanyi ko da tsakar rana, ba ya riƙe ko cokali. Tasin tana ajiye a ƙofar gida an lulluɓe ta. 'Yarsa in zai ɗauke ta sai an ɗora masa ita a dama. Yana ɗan yin barkwanci har yanzu, amma sai ya tsaya a tsakiya kamar ya manta ƙarshen.

Kullum in mai hoto ya rufe shago sai ya biya, ya sa a ɗumama ruwa, ya zauna yana gasa masa hannun da tawul. Ba wanda ya sa shi. Ba su taɓa tayar da zancen daren ba sai bayan wata uku, ranar da matar ta shiga ciki kwantar da yarinya, suka rage su biyu a tsakar gida.

"Ina ta ƙwala maka kira," in ji mai hoto, idonsa a kan tawul. "Ba ka ji ba?"

"Ban ji komai ba. Kana zaune kusa da ni, me zai sa ka kira ni?"

"Kusa da kai?"

"Ka tafi ba da jimawa ba sai na ji an zo an zauna a gefena. Aka kama hannuna, a hankali. Na ɗauka kai ne, Yaya. Na ce ashe maganar da ya gaya min ta dame shi, ya zo ba ni haƙuri, bakinsa ne ya yi nauyi. Wallahi daɗi na ji. Tun ina yaro rabon da ka riƙe min hannu. Da aka miƙar da ni, sai na bi."

Mai hoto ya daina gasawa.

"Ka yi haƙuri, Auta. Ka yafe min."

Auta ya dubi hannun nasa da ke kwance cikin na yayansa.

"Ai na riga na faɗa tun a daren. Muna cikin tafiya na ce, ba komai, Yaya, na yafe." Ya ɗago kai ya dube shi. "Ban san ba kai nake gaya wa ba."